Me Ya Ƙona Huhun Matasan Amurka? Yadda Aka Gano Gubar da ke Cikin Tururi

A watan Yulin 2019 likitocin asibitin yara na birnin Milwoki, a jihar Wiskonsin ta Amurka, suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Ana ta kawo musu samari da 'yan mata masu jini a jika, waɗanda kwanakin baya lafiyarsu ƙalau, amma yanzu numfashi na neman gagarar su. Ga tari, ga ciwon ƙirji, ga zazzaɓi, ga amai da gudawa, wasu har sun rame. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsu sai aka ga huhun dama da na hagu duk sun yi dishi-dishi. Ranar 25 ga watan asibitin ya fito ya shaida wa jama'a cewa matasa 8 ne suka kwanta da wannan ciwo, kuma abu guda ne ya haɗa su: dukansu suna zuƙar sigarin lantarki.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, wannan sigari ba a ƙyasta masa ashana. Batir ne, da wata siririyar waya da aka nannaɗe a jikin auduga, da 'yar kwalba mai ruwa. Idan aka zuƙa, batirin ya zafafa wayar, wayar ta dafa ruwan da audugar ta tsotso, ruwan ya zama tururi ya wuce huhu. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro shi a 2003, aka kuma tallata shi a matsayin mafita ga wanda ya kasa barin taba. Kafin a ankara matasa sun mai da shi abin ado da gasa: wa ya fi wani fesar da tururi mai kauri. To, a cikin wannan tururi me ya shiga da yake neman kashe su?

Zargi na farko: ƙwayar cuta

Duk likitan da ya ga zazzaɓi da tari da huhu mai dishi-dishi, ciwon nimoniya zai fara kawowa a ransa. Haka aka yi. Aka ɗora marasa lafiyar kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, amma jiki ya ƙi daɗi. Aka auna jini, aka auna majina, aka nemi ƙwayar mura da sauran cututtukan huhu da aka sani, ba a sami abin da zai bayyana wannan ta'adi ba. Ciwon kuma ba ya yaɗuwa: uwar da ta kwana tana jinyar ɗanta ba ta kamu ba, ma'aikatan jinya ma haka. Abin da ya kawo wa da yawansu sauƙi shi ne maganin rage kumburi. Daga nan likitoci suka fahimci cewa ba ƙwayar cuta suke yaƙi da ita ba. Wani abu ne daga waje yake shiga huhu ya ji masa ciwo. A taƙaice, guba ce.

Mutumin Zamfara ba baƙo ba ne ga irin wannan ruɗani. A farkon 2010, a ƙauyukan Bukkuyum da Anka irin su 'Yargalma da Dareta, yara suka dinga suma suna jijjiga suna mutuwa. Aka yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi zargin sanƙarau, ba a dace ba. Tun kafin nan agwagin ƙauyukan sun fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jinin yaran aka auna, sannan aka gano gubar dalma ce, wadda ke tashi a ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana cikin waɗanda suka zo Zamfara bincike a watan Mayun shekarar. Bayan shekara 9 sai ga irin wannan tambaya ta same ta a gida.

Zargi na biyu: sigarin kansa

Ciwon bai tsaya a Wiskonsin ba. Ya ɓulla a maƙwabciyarta Ilinoi, inda aka sanar da mutuwar farko ranar 23 ga Agusta, sannan ya bazu jiha bayan jiha. Tsoro ya shiga hukumomi. Jihar Mishigan ta sanar da hana sayar da ruwan sigari mai ɗanɗanon kayan marmari da alewa, jihar Masacuset ta dakatar da cinikin sigarin lantarki gaba ɗaya na wata 4, ƙasar Indiya kuwa ta haramta shi ɗungurungum a watan Satumba. Yatsa ya karkata kan nikotin, da kan kayan ɗanɗano, da kan manyan kamfanoni.

Amma masu bincike suka tsaya kan tambayoyi biyu da wannan zargi ya kasa amsawa. Ta farko: sigarin lantarki ya shiga Amurka tun wajen 2007, miliyoyin mutane na zuƙar sa shekara da shekaru, me ya sa sai a 2019 huhu ya fara ƙonewa haka? Ta biyu: a Birtaniya akwai masu zuƙar sa sama da miliyan 3, me ya sa annobar ba ta ɓarke a can ba? Idan ana rawa aka ga ta canja, a duba makaɗi. Lalle akwai wani sabon abu da ya shigo kasuwar Amurka, kuma kwanan nan ya shigo.

Abin da marasa lafiya suka faɗa

Ma'aikatan lafiya suka bi gado-gado suna tambaya: me kake zuƙa, a ina ka saya, yaushe ka fara? Ranar 6 ga Satumba jihohin Wiskonsin da Ilinoi suka fitar da bayanin mutum 53. Yawancinsu maza ne, rabinsu ba su haura shekara 19 ba, kuma kusan ɗaya cikin uku sai da aka zura musu bututun na'urar numfashi. Babbar alamar kuwa ita ce: kashi 84 cikin 100 sun amsa cewa ba ruwan nikotin kaɗai suke zuƙa ba, suna zuƙar man wiwi, wato mai ɗauke da sinadarin THC wanda ke sa maye. Kuma galibi ba a shago mai lasisi suka saya ba. Daga hannun aboki ne, ko dillalin unguwa, ko ta intanet.

Wani suna ya yi ta maimaituwa a bakinsu, Dank Vapes. Aka ɗauka an kama ɓarawo, sai a rufe kamfanin a huta. Da aka bi sawu sai aka tarar babu wani kamfani mai wannan suna da ke haɗa mai. Kwali ne kawai mai ƙyalƙyali, ana sayar da shi fanko a intanet tare da kwalabe fanko. Kowa na iya saye, ya cika da abin da ya ga dama, ya rufe ya kai kasuwa. A yankin Kenosha na Wiskonsin 'yan sanda suka fasa wani gida a farkon Satumba, suka sami kwalabe sama da 30,000 da aka riga aka cika, a wurin da ba likita, ba mai duba inganci. Ke nan suna da kwali ba za su kai mai bincike ko'ina ba. Dole a buɗe kwalbar kanta.

Kumfar da ta ƙi motsi

Ranar 5 ga Satumba ɗakin gwaje-gwaje na Wadsworth, mallakar ma'aikatar lafiya ta jihar Niyok, ya sanar da abin da ya gani a kwalaben da marasa lafiya suka miƙa. Kusan duk na man wiwi suna maƙare da wani sinadari da ake kira bitamin E asitet, alhali babu shi a cikin ruwan nikotin da aka auna. Mutane da yawa suka yi mamaki. Ai wannan abu ne da ake zubawa a man shafawa, ana kuma haɗiyar sa a ƙwayoyin ƙarin lafiya. Me ya kai shi kwalbar sigari?

Amsar tana wurin mai saye. Man wiwi na ainihi kauri gare shi. Don haka mai saye yana da gwajinsa na ido: zai ɗaga 'yar kwalbar sama, ya kife ta, ya zuba wa kumfar iskar da ke ciki ido. Idan kumfar ta haura da gudu, an tsinka man, sai ya ajiye. Idan ta tsaya cik, ko tana rarrafe da ƙyar, sai ya ce wannan mai kyau ne, ya zaro kuɗi. Daidai yake da mai sayen zuma a kasuwar ƙauye, wanda ke karkata kwalba ya ga ko tana ja, bai san an dafa sukari ya yi kauri an gauraya masa ba. Dillalai sun daɗe suna neman abin da za su ƙara wa man ya yi auki ba tare da kumfar ta tona musu asiri ba. Bitamin E asitet ya biya musu buƙata: ga kauri, ga launi mai kama da na man, ba wari, ba ɗanɗano, ga araha. Daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ya bazu a kasuwar bayan fage. Gwamnatin Niyok ta aika wa kamfanoni uku masu sayar da irin wannan abin kaurara mai sammaci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta sami kwalaben da wannan sinadari ya kai daga kashi 23 har zuwa 88 cikin 100 na abin da ke ciki.

Inda hanya ta so ɓacewa

An sami wanda ake zargi, amma zargi ba hujja ba ne. Likitoci a jihohin Yuta da Karolina ta Arewa sun ga ƙwayoyin garkuwar jiki cike da maiƙo a huhun marasa lafiya, abin da ya sa aka ɗauka mai ne kawai ke taruwa yana toshe huhu. Sai ranar 2 ga Oktoba masanan asibitin Mayo suka fito da nasu sakamakon. Sun duba tsokar huhun mutum 17 a ƙarƙashin madubin likita, ba su ga tarin mai ba. Abin da suka gani ƙuna ce, irin wadda ake samu a jikin wanda ya shaƙi iska mai guba a hatsarin masana'anta. Wasu suka fara cewa to, watakila bitamin ɗin ba shi da laifi, a nemi wani. Ga kuma wasu marasa lafiya da suka rantse ba su taɓa zuƙar wiwi ba. Ana cikin wannan ja-in-ja aka raɗa wa ciwon suna EVALI, asibitoci kuma na ci gaba da cika. A birnin Ditroit, a tsakiyar Oktoba, sai da aka cire wa wani yaro ɗan makarantar sakandare huhunsa duka biyu aka dasa masa na wani, sannan ya rayu.

An kama shi a cikin huhu

Samun abu a kwalba daban, samun sa a inda ɓarnar ta auku daban. Don haka CDC ta koma ga ruwan wankin huhu. Yadda ake yi shi ne, likita zai zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta hanci ko ta baki, ya bi maƙogwaro har cikin rassan huhu, ya tsiyaya ɗan ruwan gishiri, sannan ya zuƙo shi waje. Duk abin da ya manne a can ciki, ruwan zai fito da shaidarsa. Aka tattaro irin wannan ruwa daga jihohi 10, aka nemi duk abubuwan da ake tuhuma: man tsirrai, man kwakwa, dangin man fetur, da bitamin E asitet. Ranar 8 ga Nuwamba mataimakiyar shugaban hukumar, Dakta Anne Schuchat, ta sanar da sakamako: mutum 29 aka auna, kuma an sami bitamin E asitet a huhun dukan 29.

Duk da haka masana ba su rufe littafi ba. Wa ya sani ko kowane mai rai yana da shi a huhunsa? Aka faɗaɗa binciken zuwa marasa lafiya 51 daga jihohi 16, aka kuma wanke huhun masu lafiya 99, cikinsu akwai mashaya taba, da masu zuƙar nikotin zalla, da waɗanda ba sa shan komai. An same shi a 48 daga cikin 51 ɗin nan. A cikin masu lafiya 99 kuwa ko mutum ɗaya babu. Wannan gwaji ya warware wani ƙullin: daga cikin mutum 11 da suka ce ba su zuƙi wiwi ba, an ga alamarta a huhun 9. Mai yiwuwa kunya da tsoron hukuma ne suka sa su ɓoyewa.

Saura tambayar lokaci, jihar Minesota ta amsa ta. Hukumominta suna ajiye da kwalaben da 'yan sanda suka ƙwace a 2018, kafin annobar. An auna 10, babu sinadarin ko a guda. An auna 20 da aka ƙwace a Satumban 2019, yana cikin dukansu. Batun Birtaniya ma ya fito fili: dokar ƙasashen Turai ta riga ta hana zuba bitamin a ruwan sigarin nikotin, kuma wancan gurɓataccen mai bai mamaye kasuwarsu ba.

A farkon 2020 aka ɗaure sauran bakin zaren. Masu bincike a cibiyar Roswell Park da ke Bafalo suka shaƙa wa ɓeraye tururin bitamin E asitet, huhunsu ya lalace irin yadda na mutane ya yi. A birnin Dablin na ƙasar Ayalan kuma masana sinadarai biyu suka nuna cewa idan wayar sigari ta gasa wannan sinadari, yana iya fitar da wata iska mai tsananin guba da ake kira ketin. Wannan ya yi daidai da ƙunar da likitocin Mayo suka gani. Ban da haka, maiƙonsa yana ɓata siririn ruwan da ke shafe a cikin ƙananan jakunkunan huhu, wanda shi ke hana su mannewa idan an fitar da numfashi. Abin da ciki ya karɓa lafiya, fata ta karɓa lafiya, huhu bai karɓe shi ba.

Zuwa 18 ga Fabrairun 2020, ranar da CDC ta tsayar da ƙidaya, an lissafa mutum 2,807 da ciwon ya kwantar, 68 daga ciki sun mutu. Ƙaramin waɗanda suka mutu shekararsa 15, babbansu 75. Hukumar ta ce bitamin E asitet ne babban mai laifi, amma ba ta wanke sauran sinadaran ba.

Ga mai neman ƙarin tururi

Wannan labari ba na Turawa ba ne su kaɗai. Shisha ta riga ta zama ruwan dare a biranen Arewa, sigarin lantarki kuma yana biye da ita, ana tallar sa a Instagram da TikTok. Abin da ya iso Gusau yau, gobe yana Tsafe da Bungudu, jibi yana aljihun wani saurayi a Karakkai. Kuma duk wanda ya fara, tambayar da ke biyo baya ita ce yadda zai sa tururinsa ya fi na abokinsa yawa. Hanyoyin uku ne, kowace da kuɗin fansarta.

Ta farko, a taɓa ruwan: a ƙara masa mai, ko turare, ko wani haɗi na gida don ya yi kauri. Labarin da ke sama ya ishi mai hankali.

Ta biyu, a ƙara wuta. A 2015 masu bincike a jami'ar jiha da ke Fotlan suka gwada sigari guda a kan bolt 3.3, ba su ga komai ba. Da suka ɗaga zuwa bolt 5 sai ga dangin fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji. A 2018 kuma jami'ar Johns Hopkins ta auna tururin sigarin mutum 56, ta sami ƙarafa masu illa da wayar ke saki, cikinsu har da dalma. Ba Bazamfare za a koya wa sharrin dalma ba.

Ta uku, a canja wayar da wadda ke barin wuta ta wuce da yawa. Nan lissafi ne ƙarara. Cikakken batir yana ba da bolt 4.2. Wayar da ƙarfin tarewarta ya kai om 1 tana jan amfiya 4 da 'yan kai. Idan aka sauko da ita zuwa om 0.1, sai ta ja amfiya 42, alhali yawancin waɗannan batura ba a yi su don su wuce 20 zuwa 30 ba. Batirin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa zai yi zafi, ya tafasa daga ciki, ya fashe a cikin bututun ƙarfe da ke manne da bakin mai shi. A watan Mayun 2018 wani mai shekara 38 ya mutu haka a jihar Filorida, ɓaraguzai suka shige masa kai. A Janairun 2019 wani mai shekara 24 a Tekzas, ƙarfen ya yanke masa jijiyar wuya. Wani bincike ya ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa 2017 an kai mutum 2,035 sashen gaggawa a Amurka saboda ƙuna da fashewar wannan sigari. A wurinmu haɗarin ya fi haka, domin zafin bazara yana haura digiri 40, ana caji da kowace irin caja, kuma irin waɗannan batura ne ake ɓarowa daga tsofaffin kwamfutoci a sake sayarwa.

Don haka, ɗan'uwana matashi, idan ba ka fara ba kada ka fara, domin ko ruwan da ba a gurɓata ba nikotin ne, kuma idan ya kama mutum sakinsa sai an sha wuya. Idan ka riga ka fara, ka nemi hanyar bari. Kafin ka bari, kada ka zuba wa kwalbarka kowane irin mai, kada ka karɓi cikakkiyar kwalba daga hannun wanda ba ka san inda ya samo ta ba, kada ka canja waya, kada ka yi amfani da batirin da rigarsa ta yage, kada kuma ka jefa shi aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. Idan ka ji tari da ƙarancin numfashi da zazzaɓi, ka garzaya asibiti, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake zuƙa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Iyaye, ku san siffar wannan abu, don wani kamar biro yake, wani kuma ba ka bambanta shi da kayan waya. 'Yan kasuwa, dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kayan taba, kuma tsoron Allah ya isa ya hana ku ɗora wa ɗan wani abin da ba za ku ba naku ba. Ma'aikatan lafiya, daga manyan asibitocin Gusau har ƙananan asibitocin ƙauye, idan matashi ya zo da ciwon huhun da ya ƙi jin magani, ku tambaye shi me yake zuƙa. Amurka mai ɗakunan gwaje-gwaje da na'urorin numfashi ta ɗauki wata 4 kafin ta gano gubar, kuma ta binne mutum 68. Mu ba mu da wannan gata, don haka rigakafi shi ne kawai abin da za mu dogara da shi.